Tutar da Ta Ƙi Furfura

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya rina ta shuɗi ba da baba ba. Ku matso, ya ku masu sauraro. Ni ne Nomau ɗan Barmo, marini jikan marini, mutumin Karofin Gangara. Na yi shekara ashirin da ɗaya ina yawo a bayan duniya, na ga abin da ido bai saba gani ba, amma ba don in yi muku alfahari na tara ku ba. Na tara ku ne ku ji yadda na kulle ɗan wata tsohuwa a tsibiri da aikin hannuna, alhali kuwa tsohuwar nan ita ta tsamo ni daga bakin mutuwa.

Abin da ya fitar da ni daga gida bai taka kara ya karya ba. Wani falke ne ya dawo mini da rawanin da na rina masa, bayan ya sha rana damina huɗu, ya ware shi gaban jama'a a bakin marina, ya ce, "Nomau, wannan rini ka yi, ko dai nuna wa tukunya rawanin ka yi daga nesa?" Aka fashe da dariya. Kowane marini ya san shuɗi yana koɗewa, da na yi shiru da magana ta wuce. Amma ni a lokacin kaina ya fi hulata girma. Na ajiye muciya, na rantse ba zan sake tsoma hannu a marina ba sai na samo rinin da rana ba ta cinsa.

Shekara uku ina keta dazuzzuka da garuruwan da ban iya faɗin sunayensu ba, har na isa Kwarin Sha-launi. A can akwai wasu tsuntsaye, kowanne ya kai rago girma, ba sa cin hatsi, ba sa cin nama, launi kawai suke tsotsa. Ganyen kwarin fari ne, shanunsu farare, har hankakan wurin ba ka rabe ƙirjinsa da bayansa. Wani tsohon maharbi ya gaya mini duk launin da suka sha a ɓawon ƙwansu yake taruwa, kuma garin ɓawon nan in ya shiga rini, sai dai zane ya ruɓe, launi na nan.

Na rina rawani kamu goma sha biyu, na ɗaure shi a ƙolin wani rimi can ƙetaren kwarin, na tuɓe, na shafe jikina da farar ƙasa. Da tsuntsayen suka hango shuɗi yana kaɗawa, sai suka tashi gaba ɗaya suka yi kansa. Ni kuwa na rarrafa cikin sheƙoƙinsu, na cika ɗan tanduna da ɓawo. Kuskurena ɗaya, na manta ban shafa wa kunnen hagu ƙasa ba. Wata uwa ta dawo ta cafke shi, na fizge da kyar. Ga kunnen nan, ku duba, har yau fari ne kamar na jinjirin akuya.

A hanyar dawowa na tarar da wani kogi wanda ba a hango gaɓarsa. Ba jirgi a wurin, wata kififiya ce mai faɗin kasuwar ƙauye take ƙetarar da mutane a bayanta. Ɗabi'arta, in an kai tsakiya sai ta tsaya ta ce kowa ya jefa mata abin da ya fi so a baki, in ba haka ba ta nutse. Ina da tandu biyu, ɗaya na ɓawo, ɗaya na katsi, wato ƙonannen dattin marina. Na rungume na katsin, na yi ta kuka da majina ina cewa gadon ubana ne, har ta ce shi take so. Dabarata ta ci, sai dai ban san tana tauna abin da aka ba ta ba. Ɗacin katsi na kai mata maƙogwaro ta nutse da mu duka. Na cije igiyar tandun ɓawo da haƙora, na kama wani kututture, ruwa ya yi ta tafiya da ni kwana uku.

Da na farfaɗo, sai na gan ni kwance a kan tabarma, wata tsohuwa tana ɗura mini kunu da ludayi. Sunanta Inna Yalwa. Ta je wankin zare bakin tabki ta gan ni cikin ciyawa, ta kira ɗanta Bagudu ya saɓo ni. Bagudu mutum ne mai kimanin shekara talatin, mai kiwon zuma, ba ya da yawan magana. Rigarsa ya cire ya ba ni. Ƙasar sunanta Baharzum, rabinta tudu rabinta tabki, mutanenta kuma haka suka kasu, 'yan tudu da 'yan tabki. Na lura in biyu sun haɗu a hanya sai ɗaya ya ce, "Allah ya nuna mana furfura," ɗayan ya amsa, "Da rai da lafiya." Na ce a raina, madalla da mutane masu yi wa juna addu'ar tsawon rai.

Daga tsakar gidan Inna ana hango tutar ƙasar a kan wani dogon itace bisa dutsen kasuwa. Ƙyalle biyu ne aka haɗa, na ƙasa fari, na sama kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gane ya taɓa zama ja. Ranar da na fara iya zama, na dube ta na taɓe baki.

Na ce, "Inna, ƙasa mai albarka haka, amma tutarku kamar tsumman goge tukunya? Marinanku sun mutu ne?"

Ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Ɗan nan, ka warke, tunda baki ya dawo. Zauna ka ji. Kakanninmu sun yi shekara arba'in suna yaƙi a kan wa zai yi sarauta, tudu ko tabki, har maza suka kusa ƙarewa. Rannan mata biyu suka haɗu a mashaya, ɗaya tamu ɗaya tasu, kowacce ta zo wanke farin ƙyallen da za ta lulluɓe ɗanta na ƙarshe in an kawo gawarsa. Suka dubi juna. Maimakon su koma gida, sai suka zauna suka ɗinke ƙyallayen biyu, suka kai tsakanin mayaƙa suka kafa. Shi ya sa tutarmu ƙyalle biyu ce."

Na ce, "Ɗinkin ma ai na hango shi, sai ka ce da ƙafa aka yi."

Ta ce, "Suna kuka suka yi shi, ba sa ganin allura. Har yau haka ake yinsa, yatsa yana shiga tsakani, don kowa ya tuna abin da aka haɗa, in an ja da ƙarfi yana rabuwa. Na sama shi ne gidan da ke mulki, jan karan dafi in 'yan tudu ne, shuɗi in 'yan tabki ne. Farin na ƙasa shi ne gidan da ke jira. To, sarki kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba aka buga tambari a kasuwa. Mai shela ya ɗaga murya yana cewa tuta ta yi furfura, sarkin tudu ya sauka, Makau na 'yan tabki zai hau, mai jira kuwa Bagudu ne ɗan Yalwa, na 'yan tudu. Inna ta ajiye audugarta, ta ɗauko wani farin ƙyalle ta ɗaure bakinta. Al'adarsu ce, uwar mai jira ita ke rina tuta, kuma ba ta magana da kowa kwana uku har a ɗaga ta.

Abin da ba ta kai ga faɗa mini ba, bari in faɗa muku yanzu, don ku ga ramin tun kafin in afka cikinsa. A Baharzum ba a ƙirga wa sarki shekaru. Rana ce ke ƙirga masa. Yana mulki muddin launin gidansa yana kan tuta. Ran da ya koɗe har tsofaffi goma sha biyu suka tsaya a ƙofar kasuwa suka kasa rabe sama da ƙasa, wannan ita ce furfura, ranar sarki zai sauka. Magajin ɗaya gidan kuwa ana kai shi Tsibirin Jira a tsakiyar tabki, don kada a riƙa zuga shi, kuma duk wanda ya taka tsibirin ba ya fitowa sai tuta ta yi furfura. Shi ya sa uwarsa ke rini, don ba uwar da za ta cika wa tukunya baba. Ni duk ban san wannan ba, ban kuma tambayi kowa ba. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa, ni kuwa makahon da ke ganin shi ne gwanin gari.

Washegari da hantsi aka zo tafiya da Bagudu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baƙo, ga Inna nan amana. Damina bakwai kamar gobe ne." Na ɗauka doka ce ta yanka bakwai ɗin. Inna ta bi su rakiya bakin ruwa, aka bar ni ni kaɗai da tukunyar rini.

Na buɗe, na tsoma yatsa, na ɗanɗana. Wallahi kunya ta kama ni a madadinta. Ruwan ko kumfar kirki babu. Na ce wannan baiwar Allah ta ciyar da ni, ta yi jinyata, yanzu kuma za ta fita gaban duniya da wannan ruwan wanki a yi mata dariya irin wadda aka yi mini? Ba ni da abin da zan saka mata da shi sai abu ɗaya. Na kwance tanduna, abin da na ba da kunne na kusa ba da rai a kansa, na daka ɓawon, na juye shi duka, ban rage ko ƙwaya ba. Na motsa, na rufe. Ban taɓa jin na yi wa wani alheri irin na ranar ba.

Rana ta uku aka kai tukunya kasuwa. Shaidu suka ƙirga tsomi uku, ba ƙari ba ragi, kamar yadda doka ta ce. Ƙyalle ya fito kore, ya sha iska, ya juya shuɗi, irin shuɗin da ban taɓa gani ba ko a mafarki. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗinka shi da farin, aka ɗaga. Ni ina gefe ina kumbura, ina jira ta kwance baki in ba ta albishir.

A hanyar gida ta kwance ƙyallen bakinta ta ce, "Baban bana yana da ƙarfi. Amma ba komai, rana ba ta barin kowa. Na tsohon sarki ma da duhu ya fara." Daga nan ta ƙarasa mini labarin da tambari ya katse, tiryan-tiryan, har zuwa tsibiri. Ta ce, "Kai da ka san rini, a ganinka zai wuce bakwai?"

A nan na gane abin da na aikata. Na ce, "Allah ya nuna mana furfura, Inna."

Ta ce, "Da rai da lafiya. Ka ga har ka zama ɗan gari."

Da a ranar na yi magana, tun ba a watse ba, wataƙila da an sauke tuta an sake rini. Wataƙila. Amma na ji tsoro, na ji kunya, na kuma yaudari kaina cewa ƙila maharbin nan ƙarya ya yi mini. Na zauna a gidanta ina yi mata itace da ɗiban ruwa, ina kula da amyoyin Bagudu, kullum safiya mu ɗaga kai tare mu duba tuta.

Ban naɗe hannu na zauna ba. Dokarsu ta ce duk wanda ya taɓa tuta ko itacenta ya warware ɗinki, wato ya buɗe yaƙi, saboda haka na nemi hanyar da ba taɓawa. Na gina wurin ƙona farar ƙasa ta inda iska ke tasowa, na yi ta turnuƙa mata hayaƙi wata shida, ni na kamu da tari, ita ko gezau. Na jera kwanonin tagulla a kan rufin kasuwa ina haska mata rana, sai ƙara sheƙi take. A shekara ta shida na je wurin Sarki Makau na faɗi na yi gaisuwa, na gaya masa komai a asirce, na roƙe shi ya sauka don kansa in bakwai ta cika.

Ya yi murmushi ya ce, "Marini, ni na rina? Ni na tsoma? Uwar mai jira ce ta yi da hannunta gaban shaidu. In na sauka launina na sama, 'yan tabki za su ce na sayar da su." Ya sa aka ba ni riga mai aska biyu. Na fito da ita a hannu, na rasa inda zan jefar.

Damina ta bakwai ta wuce, ta takwas ta bi ta. Idon Inna ya fara hazo, ta koma tambayata kowace safiya, "Ɗan nan, duba mini, ta fara?" Ni kuma in ce, "Kamar dai gefen ya ɗan yi haske." A ta tara sai 'yan tudu suka fara magana. Aka ce Yalwa ta karɓi wani abu a hannun Makau, ta sayar da ɗan cikinta. Mata suka daina shigowa gidan. Rannan muna kasuwa, wata mai kuka da daddawa ta ƙi karɓar kuɗinta, ta ce da ƙarfi, "Je ki saya wurin 'yan tabki, ai can surukanki suke." Inna ta laluba ta kama gefen rigata ta ce mu tafi.

A nan na kasa daurewa. Na hau kan wani turmi na yi ta ihu har kasuwa ta taru, na faɗi komai, tun daga kwarin tsuntsaye har juye tandu. Na zaci za a jefe ni, har na so a yi. Tsofaffin nan goma sha biyu suka keɓe suka yi shawara yini guda, suka dawo, babbansu ya ce, "Doka ta san hannun uwa, ta san tsomi uku, ba ta san baƙo ba. In muka sauke tuta da launi a kanta yau, gobe duk wanda ya ƙosa zai kawo nasa dalilin. Tuta tana nan. Kai kuma je ka, ba mu da hukuncin da aka tanada wa irinka."

Muka koma gida. Inna ta zauna a bakin ɗakinta, ta ce, "Nomau." Ranar ce ta fara kiran sunana.

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ba zan tambaye ka don me ba. Na san don me. Abu ɗaya nake so, kuma yau kada ka ce mini gefe ya yi haske. Rinin nan naka, yaushe zai koɗe?"

Na ce, "Ba zai koɗe ba. Sai dai ƙyallen ya ruɓe."

"Ƙyallen kuwa ni na kaɗa zarensa, na san abin da na yi. Shekara nawa ka ba shi?"

Na so in rage, bakina ya ƙi. Na ce, "Arba'in. Ko fiye."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, ɗauko mini tabarmata da mazarina. Ka je ka ari kwalekwale."

Na ce, "Inna, wanda ya taka tsibirin ba ya fitowa."

Ta ce, "Ina zan fito in je?"

Da safe na tuƙa ta. Tana gaba da ɗan ƙunshinta a cinya da tulun zuma guda, ba ta waiwayi gari ba ko sau ɗaya. Da muka kusa, na hango mutum tsaye a bakin ruwa, ya rame, ya ɗan ranƙwafa, da ban san shi kaɗai ne a wurin ba da ban ce Bagudu ba ne. Masu kai masa abinci sun riga sun ba shi labari. Kafin mu isa na ajiye filafili na ce, "Inna, don girman Allah ki yafe mini."

Ta ce, "Nawa na yafe, tun jiya. Amana ya ba ka, ka kuwa riƙe ni, ban kwana da yunwa ba. Nasa kuwa ba ni da iko da shi. Ga shi can tsaye, tambaye shi."

Bagudu ya shigo ruwa har gwiwa, ya ɗauki uwarsa kamar yadda ya taɓa ɗaukata, ya kai ta kan yashi ya zaunar. Ta yi ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Sannan ya dawo, ya kama hancin kwalekwalen, ya tsaya yana dubana. Ba fushi a fuskarsa, da akwai da ya fi mini sauƙi. Jira yake. Mutumin da ya shekara tara yana jira, ya ƙara da jiran kalma ɗaya daga bakina. Na tuna arba'in, na tuna shekarunsa, na ga abin da zan roƙa ya fi ƙarfin bakina. Ya daɗe yana riƙe da kwalekwalen, har ruwa ya daina motsi a gwiwarsa. Da ya ga ba zan yi magana ba, sai ya tura ni a hankali, ya juya wurin uwarsa.

Na bar Baharzum a makon nan, na yi shekaru kafin in sami hanyar gida. Wannan ita ce hikayata, wanda ya ji ya riƙe, wanda ya raina ya bar mini kayana. In kuwa Allah ya kai ɗayanku wata ƙasa mai tudu da tabki, ya ga shuɗi yana kaɗawa bisa fari, to ya ari kwalekwale. Akwai tambayar da na baro a bakin ruwa, ƙafata kuma ba za ta sake kai ni ba.